Kujerun Da Ba A Taya Ba

Malam mai gabatar da shiri, ina gaishe ka daga Jega.

Na yi boko tun farkon zuwan Turawa, har na yi malantar ofis. Da na makance aka sallame ni. Wani Bature ya tara mu makafi, muka shekara biyu muna koyon saƙar kujeru irin na gidajensu. Na iya sosai. Na kai waɗanda na saƙa kasuwar Jega, na kai Aliero, ba wanda ya taya.

Wani mahauci ya ce, "Malam, mu kan tabarma muke zama. Da igiyar shanu kake tufkawa, da na saya."

Kujerun suna zaure, kaji ke hawansu. Na daina ma jin haushi.

Masu sauraro, akwai mai koya wa tsohon makaho tufkar igiya?