Nuala Hession, Ungozomar da Ta Ƙi Ba Kanar Hannu

Fada Mulcahy limamin cocinmu, da mai girma ɗan majalisarmu, da shugabar ma'aikatan jinya ta gunduma, Fergal ƙanen marigayiya da 'yarsa Orla, jama'ar Kilderrin, ina gaishe ku, ina mana ta'aziyya baki ɗaya. Ni ne Cathal Ruane, maƙwabcinta tun muna yara.

Ta kasance ungozomarmu. Rabin waɗanda ke zaune a ɗakin nan, hannunta suka fara faɗawa. Ta kasance mai keke guda da baƙar jaka, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ta iso. Ta kasance mai faɗa kuma. Wanda ya taɓa shan taba a ɗakin mai jego ya sani.

Amma kafin wannan akwai yaƙin duniya na biyu. Lokacin da ƙasarmu ta Ayalan ta ce ba ta bayan kowa, Nuala ta haye teku ta shiga aikin jinya a rundunar Ingila. Tana cikin waɗanda suka shiga wani sansanin tsare mutane a Jamus da aka buɗe ƙofarsa, suka tarar da gawa ta fi masu rai yawa, masu ran kuma yunwa ta mayar da su ƙashi da fata. Ta dawo a rame. A bakin coci aka tarbe ta da, "A'a, 'yar aikin Sarkin Ingila! An sallamo ki?" Ba wanda ya ce, Nuala, me kika gani? Ita ma ba ta faɗa ba.

Bayan wasu shekaru Kanar Vossler ya sayi babbar gonar bakin tafki. Tsohon hafsan Jamus ne, mai dawakai, mai ladabi, ba ya fashin coci. Muka ce ai da Ingila ya yi faɗa, ba da mu ba. Maza na cire masa hula. Aka shirya masa liyafa a ɗakin nan, yana bin layi yana gaisawa, har ya zo kanta ya miƙa hannu. Ta zuba hannayenta cikin aljihun riga.

Fada na wancan lokaci ya ce, "Haba 'yata, baƙo ne fa."

Ta ce, "Na je garinsu, Fada."

Aka daɗe wasu ba sa amsa gaisuwarta, sai in naƙuda ta tashi.

Wani hunturu doki ya kayar da Kanar, ƙashin ƙafa ya fito waje, ruwa kuma ya ci gada, likita ba shi da hanya. Ni na kai ta a bayan tarakta. Ta wanke, ta ɗaure, yadda za ta yi wa ɗanta. Da zafi ya lafa ya ce mata ya gode. Ta ce, "A ina ka yi aiki lokacin yaƙi?"

Ya ce, "A ofis nake, malama. Takardu kawai."

Ta ce, "Duk wanda na tambaya a can, a ofis yake." Ta rufe jakarta. A hanyar dawowa ta sa na tsaya, ta sauka ta yi amai a bakin shinge.

Kanar ya mutu a cikinmu, gari ya raka shi. Har yau ba mu san abin da ya aikata ba, domin ba mu bincika ba. Yanzu ga shi ga ta, katangar makabarta ɗaya ta kewaye su.

Fergal, ka yi haƙuri, yayarka ta ɗauki kaya ita kaɗai a tsakiyarmu. Orla, kin ba ni izinin faɗar wannan. A kwanakinta na ƙarshe a asibiti tana ta magana da mutanen da ba ma gani. Tana cewa, "Kaɗan-kaɗan za ku sha, cikinku ba zai ɗauka ba. Kada ku yi wawaso, zai isa." Sai ta kama hannun Orla ta ce, "Na can lungun sun samu?"

Orla ta ce, "Sun samu, Goggo."

"Dukansu?"

"Dukansu."

Sannan ta yarda ta kwanta.

Na gode da kuka zo. Ubangiji ya ba Nuala hutawa ta har abada, ya haskaka kabarinta. Waɗanda take ciyarwa kuwa, mutanen sansanin nan da ba mu san sunan ko ɗayansu ba, Allah ya jiƙan su tare da ita. Amin.