Simintin Tsakar Gida

A tashar Yendi, Zulkarnain yana jiran motar Salaga da guduma a kan cinya. Wata dattijuwa mai kwandon daddawa ta zauna kusa da shi.

"Ɗana, kan wa za ka fasa?"

"Siminti, Hajiya. Na shafe tsakar gidanmu da shi don tsohuwata ta daina taka laka. Yanzu ruwan sama ba ya nutsewa, ɗakinta yake bi, bango ya fara zaizayewa. Yau zan fasa shi duka!"

"Ka shafe duka, za ka fasa duka. Kai ba ka san kaɗan ba? Laka ta dawo, tsohuwa ta zame ta karye?"

"To yaya zan yi? Damina ba ta jira."

"Gida ya san hanyar ruwansa tun ba a haife ka ba. Wurin kawai za ka buɗe."

"Ina zan san wurin?"

"Mai ɗakin ba ta da baki?"

"Ita? Tun ranar da aka sauke yashi take mita wai a bar bayan randa ba siminti. Tsofaffi dai..."

Sai ya sunkuyar da kai ya dubi gudumar.

"Ci gaba, ɗana," in ji ta a hankali. "Nawa ɗan ma, in yana maganata, daidai nan yake tsayawa."