Abin da Waya Ta Nuna wa Mumuni

Mai girma shugaban taro, Sarkin Zango da dattawansa, limamai da malamanmu, ma'aikatan asibiti da suka taso daga Dapaong, 'yan'uwana fataken shanu, iyayenmu mata, da dukkan jama'ar Sokodé: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni Sulaimanu, a madadin fataken garin Gando, ina gode muku da kuka bar kasuwa da gona kuka zo buɗe wannan ɗaki. Ina kuma gode wa ƙanena Mumuni, ga shi nan zaune, domin shi ya ce in faɗi labarinsa a gabanku.

Na farko, maganar waya. Kun san waya ce ta ɗaga Mumuni. Yana tsaye a kasuwar shanu zai ɗauki hoton bijimi ya tura wa masu saye a Lome, a gama ciniki kafin a kira azahar. Da haka ya sayi kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, da haka ya gina gida a nan Zango.

Shekarar da zanga-zanga ta rufe gari, yana Dapaong, matarsa Shetu da yara suna nan. Wani ya turo masa bidiyon gida yana cin wuta, ya ce Zangon Sokodé ne. Ƙofar irin tasa ce, fentin irin nasa. Ya kira Shetu, layi bai shiga ba, hanya kuma a rufe. Sai da ƙura ta lafa ya iso, ya tarar da gida a tsaye, iyali lafiya. Bidiyon ma na wata ƙasa ne.

Na biyu, maganar zuciya. Mu muka yi hamdala muka koma harkokinmu, shi kuwa bai dawo ba. Ya daina cin abinci, ya daina zuwa kasuwa, in waya ta yi ƙara sai ya ƙi ɗauka. Duk sanda na tuna masa cewa gidansa na nan, sai ya ce, "Yaya, na gan shi yana ƙonewa da idona."

Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce me zai dami mai kamiyo. Shetu ce ta same ni ta ce, "Yaya, mijina ba mahaukaci ba ne. Tsoro ne ya shige shi bai fita ba. Ka raka mu asibiti."

A Dapaong muka sami Malama Hawa, ma'aikaciyar jinya. Ta zaunar da shi, ta bar shi ya yi magana har ya yi kuka, ta gaya masa ciwo ne kamar sauran ciwo, kuma ba shi kaɗai ke fama da shi ba. Limaminmu ya ci gaba da yi masa addu'a, ita ta ci gaba da magani, babu wanda ya kori wani. A hankali barci ya dawo, cin abinci ya dawo. Bana Mumuni ne ya kai shanunmu Lome.

Na uku, maganar dukiya. Wannan ɗaki shagon Mumuni ne. Ya kwashe kayansa ya ba da shi kyauta, domin duk ranar kasuwa ma'aikacin jinya ya zauna a ciki, mai damuwa ya shigo ya yi magana, ba mai jin sirrinsa, ba mai yi masa dariya.

Roƙona gare ku, ya ku jama'a: kada ku tura hoton da ba ku tabbatar ba, kada ku kira mai ciwon damuwa mahaukaci, kada ku bar maƙwabci ya yi shiru shi kaɗai. Ku kama hannunsa ku kawo shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sanyaya zukatan da suka firgita, ya saka wa Shetu da Malama Hawa da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.