Saniyata ta maƙale a ƙetaren iyaka

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni makiyayi ne daga Garki.

Na ji baƙonku yana cewa ƙasashenmu sun haɗa kai ne don talaka ya wuce da dabbarsa ba tsangwama. To, ni na ba Buba, ɗan kawuna da ke Nijar, aron saniya irin na Fulani: ta haifa masa maruƙa, ya dawo min da ita. Da lokaci ya yi, shugabanni sun ɓata, an rufe iyaka. Ya koro ta, aka mayar da shi. Daga baya ya aiko: "Yaya, rani ya kayar da ita, ba ta iya tafiyar."

Malam, na gaji. Tambayar min baƙon: wane irin zumunci ne fushin manya ke rufewa da kwaɗo?

Buba, in kana ji, riƙe ta. Namu ba ya rufuwa.