Mabuɗin Ɗakin Kimiyya

A benci na tashar mota, wata malamar ƙaramar sakandare tana rungume da ƙwallon taswirar duniya. Dattijon da ke gefenta ya kasa ɗauke ido daga kansa.

"'Yata, na ɗalibai ne?"

"Eh, Baba. A aji zan ajiye, kowa ya juya."

"Su juya? Ko sati ba zai yi ba! Ni shekara ashirin ina riƙe da mabuɗin ɗakin kimiyya. Madubin duba ƙwayoyin cuta biyu aka ba mu, sababbi fil, ban bar yaro ko ɗaya ya taɓa ba."

"To da me suka koya?"

"Zana musu nake yi a allo. Na iya zane sosai."

"Yanzu madubin suna ina?"

Ya murza hularsa.

"Ranar da na yi ritaya aka buɗe kabad. Gilasan duk sun yi funfuna, ba a ganin komai."

"Ayya. Amma kai ai ka more su."

"Ni ma ban taɓa leƙawa ba, 'yata. Tsoro nake kada in lalata."

Ya miƙo hannu, sai ya tsaya.

"In ɗan juya?"