Wake Uku a Kofi

"Wake uku, Kamalu! Kana ɗan manomi, wake uku su kayar da kai jarrabawa?"

Wani dattijo ne ke yi wa ɗansa faɗa a bayana, a tashar Ƙaura, muna jiran motar Zurmi ta cika.

"Baba, aikin gwaji ne na ajin kimiyya. Malam ya ce kowa ya shuka wake a kofi, ya riƙa rubuta tsawonsa kullum."

"To?"

"'Yan birni suka yi ta rawar jiki, wata har ta raɗa wa nata suna. Ni da nake nome gona guda, in tsaya lallashin kofi?"

"Sai naka ya yi mi?"

"Bai tsiro ba. Sai na maimaita darasin baɗi."

"Ruwa fa, ka ba shi?"

"Na aje shi a taga, ina jiran na sama."

"A wane wata?"

"Janairu."

Na zaci mari zai biyo baya.

"Shuka a tsakiyar rani," dattijon ya ce a hankali. "Shi malamin nan naku, Kamalu, ɗan wane gari ne?"