A Bakin Kasuwa Na Ji Rasuwar Innata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sa'idu mai adaidaita sahu, daga unguwar Gyaɗi-Gyaɗi.

A ƙauyenmu babu sabis sai a kan wata tsamiya da ke bayan gari. Duk Juma'a ƙanena yakan hau ta ya kira ni, Inna tana ƙasa tana ɗaga murya: "Ka ci abinci kuwa?"

Da daminar bana iska ta kayar da tsamiyar. Na ji shiru, na ce lafiya ce ke ɓuya.

Ina sauke fasinja a kasuwar Tarauni, sai wani direban garinmu ya riƙe hannuna ya ce, "Sa'idu, ya ƙarin haƙuri?" Na ce, haƙurin me? Ashe har an yi sadakar bakwai ɗin Inna. Kafin ta cika ta yi ta kiran sunana, babu hanyar sanar da ni.

Na ji kun ce tauraron ɗan'adam zai kai sabis har daji. Don Allah ku tambayo mana masana, har ƙaramar waya mai tocila za ta kama? Baba ya tsufa. Ba na son shi ma in ji nasa a bakin kasuwa.